Binciken haɗin gwiwa a jami'a: yadda ake kare haƙƙin ƙirƙira a kai shi kasuwa

Tambaya ɗaya malaman jami'a da ɗaliban digiri na biyu da na uku suke ta maimaita mini: "Mun yi bincike tare da wata jami'a ko wani kamfani, abin ya yi kyau. To yanzu na waye, kuma ta ina za mu fara sayarwa?" Abin da ke damuna shi ne yawancin masu tambayar sun makara. Sai an gama aiki, maƙala ta fito, hoton injin ya zaga Facebook, sannan a tuna da takarda. Shi ya sa na jera matakan nan yadda ya kamata su biyo juna, bisa dokokin Najeriya. Inda abokin aikinku yake wata ƙasa kuma hakan ya canza lissafi, zan nuna.

1. Ku fara karanta takardu uku

Su ne sharuɗɗan aikinku da jami'a, da manufar jami'ar kan haƙƙin mallakar fasaha, da sharuɗɗan wanda ya ba da kuɗin binciken, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ne ko wata gidauniya ta waje ko kamfani. Fatent ita ce takardar da hukuma ke bayarwa don hana wasu amfani da ƙirƙira ba da izinin mai ita ba. Dokar fatent ta Najeriya ta 1970 ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, abin da aka ƙirƙira a kan kwangila kuma na wanda ya ba da kwangilar ne. Ke nan malami ba shi da ikon yi wa kamfani alƙawarin mallakar sakamakon bincike, domin tun farko ba nasa ba ne. Dokar dai ta ba shi haƙƙin lada mai ma'ana a wasu halaye, misali idan ƙirƙirar tana da muhimmanci na musamman.

Daga nan ku nemi ofishin kula da haƙƙin fasaha na jami'arku. Hukumar NOTAP, mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta a Najeriya, ta fara kafa irin waɗannan ofisoshi a jami'o'i da cibiyoyin bincike tun 2006. Idan babu shi a wurinku, ku nufi ofishin daraktan bincike da sashen shari'a.

Hattara: ɗalibi ba ma'aikacin jami'a ba ne. Idan ɗaliba ce ta gano dabarar kuma ba ta sa hannu a komai ba, jami'a ba za ta wayi gari ta ce nata ne ba. Duk ɗalibi ko baƙon mai bincike da zai shiga aikin, a zaunar da shi a yi masa bayani, ya sa hannu a takardar miƙa haƙƙi wadda ta fayyace kasonsa, kafin ya fara.

2. Kowa ya rubuta abin da ya zo da shi

Babu wanda yake shiga haɗin gwiwa hannu rabbana. Wani ya zo da irin shuka da ya yi shekaru yana tacewa, wani da manhaja, wani da bayanan marasa lafiya, wani da dabarar haɗa sinadari da bai taɓa wallafawa ba. A yi jadawali: mene ne abin, na waye, an yarda a yi amfani da shi a bincike kawai ko har da kasuwanci.

Waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar a 2019 ya isa misali. Ƙwayar halittar da ke kare shi daga tsutsar da ke huda kwanson wake ta kamfanin Monsanto ce, gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, ta samo lasisinta ba tare da biyan kason ciniki ba. Hukumar bincike ta CSIRO a Ostareliya ce ta shigar da ita cikin wake, masanan Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku suka yi aikin barbara da gwaji a gona. Da ba a warware batun ƙwayar halittar nan tun farko ba, da an gama aikin shekaru sannan a tarar ba a da izinin miƙa wa manomi iri.

3. Yarjejeniya ta gaskiya, ba takardar fahimtar juna ba

A nan ne aka fi yin sakaci. Takardar fahimtar juna da shugabanni ke sa wa hannu a ɗauki hoto ba ta raba gardama, domin yawanci ba ta ce komai a kan mallaka ba sai "ɓangarorin za su tattauna nan gaba". Nan gaban kuwa ita ce ranar da kuɗi suka bayyana, lokacin da ba wanda zai sassauta. Tun ran gini ran zane. Yarjejeniyar bincike ta amsa waɗannan a fili:

Wa zai mallaki abin da aikin ya haifar? Hanyoyi uku ne: kowace cibiya ta riƙe abin da ma'aikatanta suka ƙirƙira, ko a miƙa wa cibiya ɗaya ta riƙe ta biya sauran kasonsu, ko a mallaka tare. Mutane suna son ta ukun saboda tana kama da adalci, amma ita ce mafi rikici. A dokar Najeriya, idan ba a rubuta wani abu daban ba, masu mallakar fatent tare ba za su ba da lasisi ba sai dukkansu sun yarda, don haka cibiya ɗaya da ta ja ƙafa ta isa ta tsayar da ciniki. A Amurka akasin haka ne: kowane mai kaso yana iya ba kamfani lasisi ba tare da ya tambaye ku ko ya ba ku ko sisi ba. Shawarata, ko da za a mallaka tare, a naɗa cibiya ɗaya jagora wadda za ta shigar da takardu, ta biya kuɗin sabuntawa, ta yi ciniki da kamfanoni a madadin kowa, a kuma rubuta kason kowa da alƙalami.

Yaushe za a wallafa? A saba a ba abokan aiki kwana 30 zuwa 60 su duba rubutu kafin a aika wa mujalla, da damar ɗan jinkirtawa don shigar da takardar fatent. Kada ku yarda da sharaɗin da zai ba kamfani ikon hana wallafawa har abada, ko ya riƙe ɗalibi ya kasa kare kundinsa.

Sai kuma wa zai biya kuɗin rajista, me zai faru idan wani ya janye, dokar wace ƙasa za a bi, kuma a ina za a yi sulhu. Idan takarda ta ce duk wata shari'a sai a Landan ko New York, ku tambayi kanku ko jami'arku za ta iya biyan lauya a can.

Hattara: shugaban sashe ko jagoran bincike ba shi ne mai ɗaure jami'a ba. Ku tambayi sashen shari'a wanda doka ta ba wannan iko, galibi shugaban jami'a ne ko magatakarda.

Hattara ta biyu: kada samfuri ya bar harabar jami'a ba takarda. Iri ne, ƙasa ce, jini ne, ruwan saiwa ne, a yi takardar miƙa samfuri da ta faɗi abin da za a yi da shi da abin da ba za a yi ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan wannan take, wato neman izini da raba amfanin albarkatun halitta. Idan kuma asalin ilimin daga mai maganin gargajiya ko wata al'umma ya fito, a rubuta sunansu da kasonsu tun yanzu. Ba daidai ba ne a je ƙauye a kwashi sanin dattijo da goron naira dubu biyu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

4. Littafin ɗakin gwaje-gwaje

Littafi mai ɗinki, ba mai zare shafi ba, a rubuta da biro, kwanan wata a kowane shafi, wani abokin aiki ya sa hannu a matsayin shaida lokaci-lokaci. Bayan kowane taro a rubuta wanda ya kawo wace shawara. Amfaninsa yana fitowa ranar da za a tantance masu ƙirƙira, domin jerin sunayen maƙala daban, jerin masu ƙirƙira daban. Doka ta ce wanda ya taimaka da aiki kawai, ba tare da ya kawo dabarar ba, ba mai ƙirƙira ba ne, wanda ya kawo ta kuma haƙƙinsa ne a ambaci sunansa, ba yarjejeniyar da za ta soke wannan. Kada a sa sunan shugaban tsangaya don girmamawa, kada kuma a cire sunan ma'aikacin ɗakin gwaji don ba shi da digiri.

5. Ku riƙe bakinku har a shigar da takarda

Sharaɗin farko na fatent shi ne abin ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi. Ku kanku idan kuka bayyana, kun kashe shi. Maƙala bayyanawa ce. Taƙaitaccen bayani a littafin taro bayyanawa ne. Haka allon baje koli, da hira a rediyo, da bidiyo a YouTube, da kundin digiri da aka ajiye a laburare ko aka ɗora a intanet.

Na taɓa zama da wani matashin malami da ya shigo da fayil a hannu yana murmushi. Shi da abokan aikinsa na wata kwalejin fasaha sun ƙera na'urar busar da tumatir da ke juya faranti da kanta. Na tambaye shi ko wani ya gani. Ya ce ai har gidan talabijin ya zo, ya ciro waya ya nuna mini: ga shi tsaye ya buɗe murfin, yana nuna wa ɗan jarida yadda ƙarfen ke juyawa, minti bakwai cur, wata takwas da suka wuce. Na daɗe ina kallon wayar kafin na iya gaya masa. Magana zarar bunu ce.

Sassaucin da dokarmu ta yi ƙanƙane ne: wata shida ga abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Kada ku ɗauka kowace kasuwar baje koli ta shiga ciki.

Hattara: abokin aiki daga Amurka zai iya ce muku ba komai, akwai shekara guda bayan wallafawa. Gaskiya ne a ƙasarsa. A Najeriya da Turai babu wannan rangwamen.

Idan dole ne ku yi magana da kamfani kafin rajista, a sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri tukuna. Idan ɗalibi zai kare kundi, a nemi makarantar karatun gaba da digiri ta yi zaman a rufe, masu jarrabawa su sa hannu, a jinkirta ajiye kundin a laburare na ɗan lokaci.

6. Sanar da jami'a, a bincika ko an riga ku

Ku cike fom ɗin sanar da ƙirƙira a ofishin kula da haƙƙin fasaha na jami'arku, ku aika wa abokan haɗin gwiwa kwafi a rana ɗaya. Sannan a bincika a rumbunan fatent na intanet, wato Espacenet da Patentscope da Google Patents, duk kyauta ne. Ku nema da kalmomi daban-daban, ku duba zane-zane, ba take kawai ba. Sau da yawa za ku tarar wani a Indiya ko Sin ya riga ku da shekara goma. Gara ku sani yanzu. Tambaya ta biyu ita ce wa zai saya, kuma nawa ne kuɗin ƙera guda ɗaya. Idan ba ku iya ambata kamfani ko rukunin masu saye ko ɗaya ba, ku dakata da kashe kuɗin rajista.

7. Zaɓen irin kariyar da ta dace

Ba komai ake yi wa fatent ba. Na'ura ko sinadari ko hanyar sarrafawa, fatent, shekara 20 daga ranar shigar da takarda. Siffar kaya ta waje, rajistar zane, shekara 5 da ake sabuntawa sau biyu. Suna da tambari, rajistar tambarin kasuwanci, shekara 7 da farko sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Manhaja da littafi suna ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kariyarsu tana farawa da zarar an rubuta. Irin shuka kuwa dokar 1970 ta cire shi daga fatent, sai a bi dokar kare nau'in shuka ta 2021 ta hannun hukumar kula da iri ta ƙasa. Wani abin kuma sirri ya fi masa, kamar ma'aunin haɗi da ba a iya ganewa daga kayan da aka sayar.

Ku dubi buhun PICS da ake adana wake. Ya samo asali daga aikin masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka faɗaɗa shi daga 2007 da kuɗin gidauniyar Gates. Dabarar ba ɓoyayya ba ce, leda biyu masu kauri a cikin buhu, a ɗaure kowace daban iska ta yanke wa ƙwaro. Abin da Purdue ta riƙe shi ne sunan da tambarin, tana ba masana'antu irin su Lela Agro ta Kano lasisi bisa sharaɗin inganci. Manomi a Dawanau ko Maraɗi tambarin yake dubawa ya san ba jabu ba ne.

8. Shigar da takarda da abin da za a kashe

A Najeriya ana shigarwa a ofishin rajistar fatent da tambari da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya a Abuja. Ana buƙatar cikakken bayani, da zane, da jerin iƙirari, wato jimlolin da ke shata iyakar abin da kuke cewa naku ne. NOTAP tana taimaka wa masu bincike na gida da duba takardu da shigarwa ba tare da sun biya ba, don haka ku fara ta can. Wanda ya riga shigarwa shi doka ta sani, ba wanda ya riga ganowa ba.

Hattara: ofishin rajistarmu tsarin takarda yake dubawa, ba ya bincika ko abin sabo ne da gaske, kuma doka ta ce ana ba da fatent ne ba tare da lamunin ingancinsa ba. Samun satifiket ba ya nufin kotu ba za ta soke shi ba. Kuma kada ku rubuta iƙirarin da kanku kamar maƙala. Ku nemi lauyan da ya san aikin, nan ne kuɗi ke da amfani.

Fatent ɗin Najeriya a Najeriya ya tsaya. Daga ranar shigarwa kuna da wata 12 ku nema a wasu ƙasashe da wannan kwanan watan. Ko ku bi tsarin PCT, wato shigar da takarda ɗaya ta ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin hukumar haƙƙin fasaha ta duniya, WIPO, wanda Najeriya ta shiga a 2005, ya ba ku har wata 30 kafin ku zaɓi ƙasashe. Kuɗin shigarwarsa faran na Suwizalan 1,330 ne, ban da kuɗin bincike, kuma rangwamen kashi 90 da ake yi wa 'yan Najeriya na ɗaiɗaikun mutane ne, jami'a ba ta ciki. Babban nauyin yana zuwa daga baya: lauya a kowace ƙasa, da fassara, da kuɗin shekara-shekara. Idan kasuwarku Nijar ce ko Kamaru ko Chadi, takarda ɗaya a hukumar haƙƙin fasaha ta yanki, OAPI, da ke Yawunde ta rufe ƙasashe 17. Ghana da Sudan suna takwararta ARIPO mai hedikwata a Harare. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya. Ni dai ban ga hikimar neman fatent a Turai ba idan babu kamfanin da ya nuna zai ɗauki nauyin kuɗin.

9. Lasisi: ku bar wa kanku ƙofar dawowa

Hanya uku ce: sayar da haƙƙin gaba ɗaya, ba da lasisi, ko kafa kamfani a yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, jami'a ta riƙe hannun jari. Ga yawancin ayyuka lasisi ya fi, domin malami ba ɗan kasuwa ba ne, kuma kamfani ne ya san hanyar NAFDAC da hukumar ingancin kaya ta SON da dillalai.

Labarin Niprisan, maganin sikila, ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɓaka shi daga haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, haɗin da ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace. An yi yarjejeniya da shi, sunansa ya fito cikin masu ƙirƙira a fatent ɗin Amurka na 1998. Wannan ɓangaren abin koyi ne. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi shi kaɗai, maganin ya fito kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, a 2008 kamfanin ya durƙushe da bashi, a 2009 aka janye lasisin. Masu sikila da suka fara samun sauƙi suka nemi magani suka rasa, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin magunguna na May & Baker. Duk lokacin da na ga an rubuta "shi kaɗai, a duk duniya" a daftarin lasisi, iyayen yaran nan nake tunawa.

Don haka kafin sa hannu ku binciki kamfanin: yana da masana'anta, yana da jari, ya taɓa sayar da irin wannan kaya? Kada a yi cinikin biri a sama. Idan zai riƙe shi kaɗai, a iyakance masa ƙasa da fanni da shekaru. A sa masa wa'adi, misali rajistar NAFDAC cikin wata kaza, fara sayarwa cikin wata kaza, da mafi ƙarancin abin da zai biya duk shekara ko ya sayar ko bai sayar ba. A rubuta cewa lasisin ya faɗi idan ya saɓa wa'adi ko ya karye. Kason ciniki a ɗora shi a kan kuɗin da aka sayar, ba a kan riba ba, domin riba akanta ne ke ƙera ta. Jami'a ta riƙe ikon duba littattafan kamfanin, da ikon ci gaba da bincike da koyarwa da fasahar.

Hattara: lasisin fatent sai an yi masa rajista a ofishin rajista kafin ya yi aiki a kan wasu mutane na waje. Idan kuma fasaha ce ake shigowa da ita daga abokin waje za a riƙa tura masa kuɗi, sai yarjejeniyar ta bi ta NOTAP kafin banki ya ba da kuɗin waje.

10. Rabon kuɗi da kalandar sabuntawa

A fara cire abin da aka kashe a rajista da lauya, sannan a raba tsakanin cibiyoyi bisa yarjejeniyar mataki na 3, sannan kowace cibiya ta raba a cikin gida bisa manufarta. Tsarin da Jami'ar Stanford ta Amurka ta daɗe tana bi a baya shi ne a cire kashi 15 na ofis, sauran a kasa uku: masu ƙirƙira, sashe, tsangaya. Ko wane tsari jami'arku ta zaɓa, masu ƙirƙira su rubuta yadda za su raba nasu kason tun ranar cike fom, ɗalibin da ya kammala ya tafi a karɓi lambar asusunsa da ta magajinsa, a kuma nemi ma'ajin jami'a ya buɗe wa kuɗin layi na daban don kada su narke cikin kuɗin shiga na gama-gari.

Kuɗin sabunta fatent duk shekara ake biya. Idan rana ta wuce akwai wata shida na alfarma tare da tara, bayan nan fatent ya mutu, kowa na iya ɗauka. A rubuta ranakun a littafin ofis, a ɗora wa mutum ɗaya da sunansa, idan aka canza masa wurin aiki ya miƙa littafin hannu da hannu ga wanda ya gaje shi.